Ranar da Malama Ta Hana Mu Buɗe Baki

Shekaru da yawa ke nan da masaƙun Kakuri suka yi shiru, amma har yau idan na idar da sallar asuba sai in tsinci kaina ina kasa kunne, ina jiran jiniya. Mu da muka taso a Makera da ita muke gane lokaci. Ta farko ta iyayenmu maza ce. Tana kaɗawa za ki ji ana fito da kekuna daga zaure, ƙararrawa na tashi ta ko'ina, layi ya cika da mutane masu sauri. Ta biyu tamu ce, don idan ta kaɗa ba ki gama sharar tsakar gida ba, ko ba ki cika randa daga famfon bakin layi ba, to kin makara makaranta. Da yamma iyayenmu su dawo da ɓurɓushin auduga a gira da gemu, mu yi ta rububin karɓar kwanon abinci daga bayan keke. Yanzu ba jiniya, sai ƙarar janareta da ihun 'yan keke mai ƙafa uku masu neman fasinja zuwa Sabon Tasha.

Gidan haya muke zaune, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, murhu kusa da murhu. Ɗakin da ke jikin namu na wasu mutanen kudancin jiha ne, Kiristoci, maigidan yana sashen rini a masaƙar da Babana yake aiki, hannuwansa kullum shuɗi har wuyan hannu, sabulu ya gaji ya bar shi. 'Yarsu Ladi ta girme ni da shekara ɗaya. Tare muke ɗiban ruwa, tare muke wanke-wanke, idan Innata ta rasa ni a ɗakinsu take samuna ina cin faten acca. Ladi tana da in'ina mai tsanani. Kalma za ta maƙale mata a maƙogwaro, ta runtse ido, ta buga ƙafa, sai da ƙyar ta fito. A gida ba wanda ya damu da haka, mun saba jira. A makaranta ne abin ya zame mata masifa.

Abin da ya tono mini wannan duka, autata ce. Malamar firamare ce a Unguwar Boro, tana kuma ƙaro karatu, binciken da take yi a kan yadda yara ke fahimtar abin da suka karanta ne. Kwanaki ta zo da tarin takardu ta zube a tabarma tana ƙorafi. "Mama, yaro zai karanta miki shafi guda ba gargada, ki ce masa me aka ce a ciki, sai ya tsaya yana kallonki." Na yi dariya har da hawaye. Na ce mata, "Ai labarin uwarki kike ba ni."

Makarantarmu ajujuwa ce dogaye masu rufin kwano, ƙararrawarta wani tsohon ƙarfen mota da aka rataye a jikin bishiyar dogon yaro. Ranar Juma'a mu ke shafe allo da baƙin tsohon batir har ya yi sheƙi. Idan kika biyo ta bayan katanga da hantsi, ba abin da za ki ji sai muryoyi suna tashi tare suna sauka tare. Malami ya faɗi jimlar Turanci, aji duka ya maimaita, ya sake faɗa, a sake maimaitawa. Iyaye na son wannan ƙara, ita ce shaidar ana karatu. Jarrabawar karatu kuwa hanya ɗaya gare ta: a kira sunanki, ki miƙe, ki karanta da ƙarfi, malami ya ba ki maki gwargwadon santsin bakinki. A nan ba wanda ya kama ƙafata. Allah ya ba ni kunne. Duk yadda malami ya lanƙwasa harshe haka nake lanƙwasa nawa, na san inda ake ɗaga murya da inda ake tsayawa. Duk ranar da sufeton makarantu zai zo, ni ake ɗaukowa. Babana yakan sa ni in karanta wa abokansa a zaure, su yi ta jinjina kai, su da ba su ji ba, ni ma kuma, kamar yadda ya bayyana daga baya, ban ji ba.

Ladi kuwa ranar jarrabawa ranar wahala ce gare ta. Za ta miƙe da littafi a hannunta, ta kafe a kalmar farko, yara su fara ƙunshe dariya, malami ya ce ta zauna. An rubuta a katinta cewa ba ta iya karatu ba. Ta maimaita aji huɗu, shi ya sa na cim mata. Da muka shiga aji biyar babanta ya faɗa a tsakar gida, ba da faɗa ba, da murya irin ta wanda ya haƙura, cewa idan bana ma ba ta wuce ba zai mayar da ita ƙauye wurin gwaggonta ta taya ta noman citta. "Ba kowa Allah ya yi don boko ba," in ji shi. Ladi tana tsugune tana wanke tukunya, ba ta ɗago ba.

A shekarar ce aka kawo mana sabuwar malama. Siririya ce, ba ta da tsayi, 'yar kudancin jiha ita ma, ta dawo daga ƙaro karatu a kwalejin horon malamai. An ce har lokacin akwai wani bincike da take yi a kan karatun yara, wanda za ta rubuta ta kai. Mu dai abin da muka gani shi ne malama mai yawan tambaya. Idan kika ba da amsar da ba daidai ba, maimakon bulala sai ta matso ta ce, "Gaya mini yadda kika yi kika samo wannan." Da farko mun ɗauka tarko ne. Lokacin hutun tara ba ta zama da sauran malamai, sai ta yi ta zagaya fili tana kallonmu. Daga baya ta gaya mana a irin wannan zagayen ne ta hangi Ladi ita kaɗai a gindin katanga, ta cinye ƙosanta, ta warware yagaggiyar jaridar da aka ƙunso shi, tana dubawa tana dariya. Malama ta ce ta tsaya ta tambayi kanta: yarinyar da ba ta iya karatu ba, me ya ba ta dariya a jikin takarda?

Wata Laraba ta shigo aji da ƙwarya cike da 'yan takardu a nannaɗe. Ta ajiye a tebur ta ce, "Yau ba wanda zai buɗe baki. Wanda na kira ya zo ya ɗauki takarda ɗaya, ya karanta a zuci, ya aikata abin da ta ce. Shi ke nan." Rubutun na Turanci ne, da hannunta. Ajin ya yi tsit irin wanda ban taɓa ji ba, har muna jiyo kukan injinan masaƙa daga nesa. Wani yaro ya ɗauka, ya duba, ya je ya goge allo. Malama ta gyaɗa kai. Wata ta tsaya ta juya takardar gaba da baya ta koma ta zauna. Sai aka kira Ladi. Ta warware tata, idonta ya bi layukan sau ɗaya, ta fita daga ajin. Muka kalli juna, mun zaci guduwa ta yi. Can sai ga ta da ganyen mangwaro uku. Ta miƙa ɗaya ga yaron da ya fi kowa gajarta a ajin, ta sa biyu a ƙarƙashin kujerar Malama, ta koma benci. Malama ta ɗauki takardar ta fassara mana da Hausa, abin da aka rubuta ke nan daidai, ba ragi ba ƙari.

Ni ina ta ɗaga hannu, na ƙagu a zo kaina. Da na warware tawa na ga kalmomin duk na san su, ba wadda ba zan iya furtawa ba. Na gyara tsayuwa na buɗe baki zan fara, Malama ta ɗora yatsa a leɓenta. Na sake duba takardar. Wallahi ji na yi kamar an ɗauke ƙasa daga ƙarƙashin ƙafata. Kalmomin suna nan, amma ba su ce mini komai ba. Na gane kalmar ƙofa, na gane ta taga, sai na je na rufe ƙofar aji na dawo ina murmushin ƙarfin hali. Ashe cewa aka yi in buɗe tagar da ta fi nisa da ƙofa. Malama ta miƙo mini ƙwaryar in sake ɗauka. Ta biyun ko motsi ban iya yi ba. Ina tsaye a gaban aji, ni da ake kira idan baƙo ya zo, sai hawaye.

Da kuka na isa gida. Babana ya hasala, ya ce gobe zai je ya ji wace irin malama ce za ta kunyata yarinyar da ke karanta wa sufeto. Innata ba ta yi boko ba, tana tankaɗe tana saurare, sai da ya gama ta tambaye ni abin da ya faru dalla-dalla. Ta ce, "Malam, bar zuwan nan. Ni idan na aike ta da baki ba ta taɓa kawo mini gishiri a maimakon kanwa ba. Ashe takarda ma aike take yi, ita kuwa ba ta jin aiken. Gara da aka gane yanzu." Ta juyo gare ni ta ce, "Share hawayenki ki hura mini wuta."

Abin da na yi bayan nan har yau ina jin kunyarsa. Kwana huɗu ban yi wa Ladi magana ba. A bakin famfo, gaban yara, na kwaikwayi in'inarta. Ta ɗauki bokitinta rabi ta tafi. Innata ta ji labari, ta ja kunnena har ƙofar ɗakinsu na ba da haƙuri, amma a raina ina ganin ita ta ƙwace mini matsayi.

Malama kuwa tata rigimar ce ta taso. Ta je wurin hedimasta ta nemi a bar Ladi ta yi jarrabawar karatu a rubuce. Hedimastanmu dattijo ne mai tsare ƙa'ida, ba mugu ba ne, amma ya shekara talatin yana auna karatu da kunne. Ya zo har ƙofar ajinmu, muna jin su. Ya ce, "Malama, makin karatu na wanda ya karanta ne aka ji. Yarinyar da ba ta iya fitar da kalma ba me zan rubuta mata? Kuma wa ya sani ko kin faɗa mata tun kafin a shigo?" Malamar da ba ta cika shekara a makaranta ba, a ce mata haka, wata da ta yi shiru. Ita kuwa ta miƙa masa alƙalami ta ce, "Ranka ya daɗe, ka rubuta da hannunka, duk abin da ka ga dama. Idan ta kasa, ba zan sake tayar da maganar ba." Ya dube ta, ya karɓa, ya jingina da taga ya yi rubutu mai tsawo da irin rubutunsa mai haɗe-haɗe. Ladi ta karɓi takardar. Ta karanta sau biyu, ta nufi ofishinsa. Ta dawo da jar rajista, da lemarsa, ta ajiye rajistar a tebur, ta buɗe lemar ta miƙa wa Malama, ta tsaya a bayan hedimasta. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Sai ya ce, "Rajista biyu ce a teburin, na ce ta bar shuɗiyar." Ya juya zai tafi, ya dawo ya tambayi Malama, "Su nawa ne irinta a makarantar nan?" Ta ce, "Ban sani ba tukuna, ranka ya daɗe. Irin ɗayar ma suna da yawa." Na san da ni take, na sunkuyar da kai.

Daga ranar Malama ta haɗa ni da Ladi benci ɗaya. Ta ce ni in karanta a bayyane, Ladi ta tsayar da ni a ƙarshen kowace jimla ta tambaye ni me aka ce, idan na kasa ta gaya mini da Hausa. Idan mu biyu ne a gindin mangwaro, tana magana ƙasa-ƙasa, in'inar takan sassauta. Akwai wani labari a littafinmu da na fi ƙwarewa a kansa, shi na karanta wa sufeto ina fara'a har aka yi mini tafi. Da muka bi shi jimla-jimla sai ga shi labarin wata yarinya ce da ƙanenta ya tafi wanka rafi bai dawo ba. Na ajiye littafin na dubi Ladi. Na ce, "Kin san haka tun tuni?" Ta gyaɗa kai. "Kina ji ina karantawa ina dariya?" Ta ce, a hankali, kalma na fita ɗaya-ɗaya, "Muryarki tana da daɗi. Shi ya sa ban faɗa ba." A ranar na fara karatu, ina aji biyar.

A ƙarshen shekara Ladi ta zo ta uku, ni na sauko ta goma sha ɗaya, abin da ban taɓa yi ba. Babanta ya riƙe katin da shuɗayen hannuwansa ta gefe-gefe don kada ya ɓata shi, ya sa aka karanta masa sau biyu. Ba a sake maganar citta ba. Ladi ta yi karatun haɗa magunguna, ta yi aiki a asibiti har ta yi ritaya. Ni na zama malamar firamare, shekara talatin da biyar ina riƙe da alli.

Idan na dubi makarantun yanzu sai in rasa ta inda zan fara. Kowane layi da makarantar kuɗi, daga nan har Gonin Gora, yara na tafe da jakunkuna kamar masu ƙaura. Jikokina suna jarrabawa a kwamfuta, su zaɓi amsa ɗaya cikin huɗu, sakamako ya shigo wayar ubansu kafin su iso gida. Ba na raina wannan, akwai abubuwan da suka sani waɗanda ni a shekarunsu ko a mafarki ban gani ba. Kuma ina jin daɗi idan na ga irin su autata suna zama da yaro ɗaya-ɗaya, suna ɗaukar muryarsa a waya, suna komawa su saurara, suna gardama da juna a kan wace hanya ta fi. Abin da mace ɗaya ta yi da ƙwarya da yagaggun takardu yau ya zama fanni guda da ake karantawa. Sai dai har yanzu idan na bi ta bayan wata katanga nakan ji muryoyin nan suna tashi tare suna sauka tare, sai in ce a raina ko yara nawa ne a ciki suke rera abin da ba su ji ba, ko kuma wace ce ta yi shiru a benci na baya alhali ta fi kowa ganewa. Gidan hayarmu ma ya watse tun lokacin da gari ya rikice kowa ya koma cikin nasa. Su Ladi suka yi kudu, mu muka tsaya.

Ladi ce ta kira ni wata rana, shekarun baya kaɗan, ta ce ta gano inda Malama take, a Sabon Tasha wurin ɗanta, ƙafa ta ƙi. Muka haɗu a bakin kasuwa muka tafi tare, tsofaffi biyu, ni da hijabi ita da ɗankwali. Mun same ta a kujera a baranda, ta ƙanƙance, gashi fari fat, amma idon nan yana nan. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta gane Ladi tun daga gaisuwa. Ni sai da na faɗi sunan Babana ta riƙo hannuna ta ce, "Mai karanta wa sufeto!"

Na zo da godiya a bakina, na shirya ta tun a mota, amma ta riga ni. Ta ce, "'Yata, akwai abin da na daɗe ina so in gaya miki. Ranar ƙwaryar nan na yi kuskure. Tun kafin ranar ina zargin ba kya fahimta. Kamata ya yi in gwada ki ke kaɗai, ba a gaban aji ba. Ina ɗokin in ga ko tunanina daidai ne, na manta yarinya ce a gabana. Kuma da na ba ki ta biyu, wannan ba shi da dalili. Ban sake yi wa wani yaro haka ba. Ki yafe mini."

Sama da shekara hamsin, matar da ta buɗe mini ido tana zaune tana duba aikinta tana fitar da inda ta kuskure. Na ce, "Mama, na yafe, duniya da lahira. Amma da ba ki yi ba, da har yau ina nan ina rerawa." Ta girgiza kai ta ce, "Da an samu wata hanya. Kullum akwai wata hanya, sai dai ba a nema ba." Sai ta gyara zama, ta jawo kujerata kusa da tata. "An ce kin koyar. To gaya mini, ke yaya kika riƙa gane wanda bai fahimta ba, ba tare da kin kunyata shi ba?"

Na fara ba ta labari, tana tsayar da ni tana tambaya, Ladi na sa baki. Ba mu ankara ba sai da la'asar ta yi. Malama ta kira jikarta ta ce ta kai mini ruwa a buta, ta shimfiɗa mini sabon zane a ɗakinta, ta nuna mini gabas. Ina shiga ta ɗaga murya daga baranda ta ce, "Idan kin idar ki dawo, ba ki gama ba ni amsa ba."